Kwamfutar falo: in haɗa da hannuna ko in sayo haɗaɗɗiya?

Baban_Yara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, maganar kuma tana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri.

Talabijin ɗinmu na falo mai inci 55 ne, 4K, ya shekara huɗu. Hotonsa garau har yanzu, amma manhajojin da ke cikinsa sun yi nauyi, ka danna rimot sai ka zauna jira. Ga ni da faifan ajiya guda uku: bidiyon yara tun suna goye, laccocin da na daɗe ina tarawa, da finafinan da na juye daga fayafayan Blu-ray ɗina. In na soka su a jikin talabijin, wani fayil ya buɗe, wani hoto ya fito ba murya, wani ya ƙi sam. Yanzu laftof nake jonawa da HDMI, ranar da na fita da ita kuwa gida ba kallo.

To ina so in ajiye kwamfuta guda a ƙarƙashin talabijin, aikinta ke nan. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai Core i5 ƙarni na huɗu tana kwance. In tashe ta? In haɗa sabuwa da hannuna? Ko in sayo ƙaramar nan da ba ta fi tafin hannu ba? Waɗanda suka riga ni shiga harkar su taimaka.

Mai_Haɗa_Inji

Wa alaikumus salam Malam. Tsohuwar nan kada ka kai ta falo. Ba rashin ƙarfi ke damun ta ba, zamani ne ya wuce ta. Kusan duk fim ɗin 4K da tsarin HEVC mai bit 10 aka matse shi, firosesar Intel kuwa ba ta sami cikakken sashen da ke warware shi da kansa ba sai a ƙarni na bakwai, wato Kaby Lake. Taka da ƙarfin tsiya za ta riƙa yi, fanka na ihu, hoto na tsalle. Ƙofar HDMI ta madabod ɗin wancan lokaci kuma 1.4 ce, 4K ɗinta bai wuce hoto 30 a daƙiƙa ba. Sai da HDMI 2.0 mai ɗaukar gigabit 18 za ka sami 60, kuma ka tabbatar tana ɗaukar HDR, wato tsarin da ke ƙara wa hoto zurfin haske da launi.

Ni ra'ayina ka haɗa. Madabod ƙaramin nan mini-ITX, santimita 17 kowane gefe, firosesa mai sashen hoto a cikinta, RAM gigabait 8 ya isa amma 16 ya fi kwanciyar hankali, SSD don Windows, sai akwati kwantacce mai siffar amfilifaya da ke da gurbin faifai biyu ko uku. Ka saka fanka babba mai milimita 120, don babbar fanka a hankali take juyawa ta ba da iska mai yawa, ƙanana su ne masu tsuwa. Amfanin haɗawa: abin da ya mutu shi kaɗai za ka canja, gobe in kana son wasanni ka ƙara katin hoto.

Maman_Biyu

Kafin a kai ga madabod, Malam, tambaya ɗaya gare ni. Wa zai riƙe rimot?

Ba wasa nake ba. Maigidana ya haɗa mana irin wadda Injiniya ke faɗa, ya sha wahala a kanta, hotonta kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Amma kibod da linzami ne a kan kujera. Za ka kunna talabijin da rimot ɗinsa, ka tashi ka kunna kwamfuta, ka nemo ɗan kibiyar linzami a allo mai girman ƙofa, rubutu ƙanana daga nesa ba ya karantuwa. Wata rana ana tsakiyar kallo saƙo ya ɓullo yana neman a sake kunna na'ura. Surukata in ta zo ba ta iya taɓa komai sai an tashi an yi mata. Yara kuwa sai su jira babansu ya dawo. Ba a yi wata uku ba kowa ya koma manhajojin talabijin masu nauyin nan, kwamfuta ta zama tasa shi kaɗai, kuma na ga abin ya yi masa ciwo.

Kai da kanka ka ce ranar da ka fita da laftof gida ba kallo. To in ka kawo abin da kai kaɗai ka iya sarrafawa, ba ka gyara komai ba.

Dattijo_Mai_Faifai

Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Na fara wannan sana'a tun lokacin Windows Media Center, wanda Microsoft ta fito da shi a 2002. Abin da ya sa muka so shi ba ƙarfinsa ba ne: yana zuwa da rimot na gaske, rubutu manya, kana zaune nesa kana gani. Da Windows 10 ta fito a 2015 aka cire shi, yawancinmu muka koma Kodi, manhajar jera finafinai da kunna su, wanda a da ake kira XBMC saboda a kan na'urar wasan Xbox ta farko aka haife shi, sai a 2014 ya sauya suna.

Abin da shekarun nan suka koya mini: kwamfutar falo ta gari ita ce wadda baƙo zai zauna ya yi kallo bai san kwamfuta ba ce. Ta tashi kai tsaye cikin allon finafinai, ba tebur, ba kibiya. Daga nan ake fara zaɓe, ba daga firosesa ba.

Ɗan_Linux

Baba ya gama magana, ni ɗori kawai zan yi. Yaya Baban_Yara, akwai LibreELEC. Linux ce ƙarama da ba ta da wani aiki sai tayar da Kodi. Ka kunna, cikin daƙiƙoƙi kana gaban finafinanka da hotunan bangonsu. Babu saƙon da zai ɓullo maka a tsakiyar kallo.

In ka ɗora ta a kan Raspberry Pi 4 ko 5, 'yar kwamfuta mai girman katin banki, maganar rimot ta ƙare, domin Pi yana jin CEC. Wannan wata hanya ce a cikin wayar HDMI da ke barin rimot ɗin talabijin ya sarrafa abin da aka jona masa. Sama, ƙasa, shiga, fita, tsayar da fim, duk da rimot ɗin da surukar Anti ta saba. Duka biyun suna warware HEVC na 4K da sashe na musamman. Pi 5 ba shi da irin wannan sashe don H.264, tsarin matsi da ya riga HEVC, amma firosesarsa tana cinye 1080p ba tare da gumi ba. In ka sa shi a akwatin ƙarfe mai shan zafi, ko fanka ba ya bukata.

Mai_Haɗa_Inji

Ƙanena, faɗi gaskiya duka mana. A kan Pi ɗin nan zai kalli Netflix a 4K? Zai buɗe burauza yadda yake so? Zai yi wasa? Mutum ya ce kwamfuta yake so, kana ba shi abin da aiki ɗaya ya iya.

Ɗan_Linux

Ba zai kalli Netflix a 4K ba, Yaya, ban ɓoye ba. Amma taka ɗin ma da sharuɗɗa take yi.

Dattijo_Mai_Faifai

Ku tsaya a nan, don nan ne mutane suka fi yin asara. Kamfanonin da ke haska finafinai ta intanet suna kulle bidiyonsu, kuma ba su yarda da kwamfuta ba kamar yadda suka yarda da na'urorin da suka tantance. A Windows, kafin Netflix ya ba ka 4K sai ka cika sharuɗɗa: burauzar da suka amince da ita irin Edge ko manhajarsu, firosesa ko katin hoto na zamani, ƙarin manhajar HEVC, da HDCP 2.2, wato makullin hana kwafar bidiyo, tun daga ƙofar kwamfuta har talabijin. Ɗaya ya saɓa, hoto ya sauka ba tare da an gaya maka ba. A Linux kuwa kada ka sa rai da 4K. Wasu kamfanonin ma ba sa ba kwamfuta 4K ko ka cika komai. Dolby Vision shi ma bai zauna da gindinsa a kwamfuta ba.

Har fayafayan 4K Blu-ray na asali abin ya shafa. Manhajar da ta riƙa kunna su a hukumance ta dogara ne da wata fasahar Intel mai suna SGX, Intel kuma ta cire ta daga sababbin firosesocinta na gida. Sai ka ga sabuwar kwamfuta ta kasa abin da ta ƙarni na bakwai ke yi.

Saboda haka, Malam, ka raba kallon gidanka biyu. In rabo mafi girma na intanet ne, ƙaramin akwati irin Apple TV 4K ko Nvidia Shield ko wani mai Google TV na gaske ya fi kowace kwamfuta, ko wa ya haɗa ta. In fayilolinka ne suka fi yawa, kwamfuta ce sarauniya. Gaya mana wanne ne.

Baban_Yara

Na gode ƙwarai, Baba. Na tambayi mutanen gida don kada in yanke hukunci da son raina. Kallonmu mafi yawa fayilolinmu ne da YouTube. Muna da rajistar kamfani ɗaya na finafinai, manhajarsa kuma tana aiki a talabijin duk da nauyinta. Wasa ba na yi, sai dai yara suna son irin tsofaffin nan marasa nauyi.

Hajiya, maganarki ta shige ni. Maiɗakina ta karanta ta ce abin da take so ta faɗa ke nan tun farko.

Na manta ban ambata ba: akwai doguwar sifika a ƙarƙashin talabijin, da wayar nan mai jan haske aka jona ta.

Mai_Kunne

Madalla da ka faɗi wannan, don kowa yana ta maganar ido an manta da kunne. Wayar mai jan haske, wadda ake kira Toslink, tsohuwar hanya ce. Tana ɗaukar sauti mai tashar hagu da dama, ko Dolby Digital da DTS na 5.1 matsattse. Ba ta iya ɗaukar Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, su ne kuwa a kan yawancin Blu-ray. Fayilolin da ka ce hoto na fitowa ba murya, ina kyautata zaton DTS ne ko TrueHD, don talabijin da yawa ba sa warware su.

Mafita biyu ce. Ka leƙa bayan sifikar: in tana da ƙofar HDMI ta shiga, ka jona kwamfuta a can, ita ta miƙa hoto ga talabijin, muddin tana wuce da 4K da HDR. In ba ta da ita, ka duba ko ita da talabijin suna da eARC, hanyar da talabijin ke tura sauti zuwa sifika ta HDMI, shi ne ke ɗaukar sauti cikakke. ARC na da ba shi da wannan faɗi. In duk babu, kada ka damu: Kodi yana iya warware kowane irin sauti da kansa, ya mai da shi Dolby Digital 5.1 ko tashoshi biyu, ya tura ta wayar da kake da ita. Gaskiya kuma, a kan doguwar sifika guda kunne ba zai kama bambanci mai yawa ba. Wanda ke da amfilifaya da sifikoki biyar ko bakwai shi ne ya kamata ya tayar da hankali.

Abu guda da ya fi TrueHD muhimmanci a wurina: shirun na'urar. A wurin da jarumi ke raɗa, in kana jin fanka na huci ko faifai na ƙas-ƙas, an ɓata maka fim. Shi ya sa nake cewa fayafai masu juyawa su bar falo.

Mai_Haɗa_Inji

To in ba wasa mai nauyi, na sauko daga mini-ITX, ba girman kai a ciki. Amma ba zan yarda da Pi ba tunda akwai YouTube da yara masu son wasa. Ka nemi ƙaramar kwamfuta mai Intel N100. A 2023 ta fito, ƙwaya huɗu, wat 6 aka ƙayyade wa firosesar, tana warware H.264 da HEVC da VP9 har da AV1. AV1 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, YouTube yana yawan amfani da shi, kuma Pi ba shi da sashensa, Shield ma ba shi da shi. Za ta ɗauki LibreELEC, za ta ɗauki Windows 11, ranar da ka gaji da ita a falo ta zama kwamfutar aikin makarantar yara.

Ɗan_Linux

Ko tsofaffin ƙananan kwamfutocin ofis: Dell OptiPlex Micro, Lenovo ThinkCentre Tiny, HP EliteDesk Mini. Ofisoshi na sallamar su da yawa, ginin su mai ƙwari ne, da tsohuwar zuma ake magani. A nemi ƙarni na bakwai zuwa sama.

Dattijo_Mai_Faifai

Na takwas zuwa sama in Windows za a saka, ɗana. Windows 11 a hukumance daga na takwas take farawa, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare a Oktoba 2025. In LibreELEC ce, na bakwai ya wadatar.

Akwai wani tarko a waɗannan na ofis, na taɓa faɗawa ciki da wata da na saya. Da yawansu DisplayPort gare su, ba HDMI ba, waɗanda ke da HDMI ɗin ma sau da yawa 1.4 ce. Na sa ɗan adafta mara komai a ciki, 4K ta tsaya a 30, na kwana biyu ina zargin talabijin. Sai da na samo adafta mai guntun lantarki a ciki, wanda aka rubuta HDMI 2.0 a kansa, sannan 60 ta fito. HDR kuwa ta irin wannan hanya sai an dace. Duk wanda zai sayi ta hannu ya fara juya ta ya ƙirga ƙofofin bayanta.

Maman_Biyu

Kun sake komawa cikin inji. Ita N100 ɗin da rimot ɗin talabijin za a sarrafa ta, ko kibod za a dawo da shi kan kujera?

Mai_Haɗa_Inji

Tambaya ce mai kyau, Hajiya, kuma nan Pi ya fi mu. Yawancin kwamfutoci ba su da CEC. Amma akwai magani. Pulse-Eight suna yin ɗan adafta da ke shiga tsakanin wayar HDMI ya kuma soku a USB, Kodi yana gane shi nan take. Akwai Flirc, ɗan ƙaramin abu kamar filash, yana karɓar hasken kowane rimot ya mai da shi danna kibod, ki koya masa maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma Kore, manhajar waya ta Kodi, mai amfani wurin rubuta sunan abin da ake nema. Kibod ƙarami mai wurin shafa yatsa dai a saya a ajiye a aljihun tebur, don ranar gyara.

Maman_Biyu

To wannan na yarda da shi. Ina ƙara roƙo ɗaya, Malam: kafin ka ce ka gama, ka miƙa wa maiɗakinka rimot ka fita daga falon. Kada ka tsaya a kanta kana nuni. In ta kunna, ta nemo bidiyon yara, ta tsayar, ta kashe, ba ta kira ka ba, aiki ya yi. In ta kira ka, da saura. Ka kuma ɓoye duk wani sashe na allon farko da ba ku amfani da shi, ka bar uku ko huɗu. Yara ka buɗe musu nasu ɓangaren daban, Kodi yana yin haka har da lambar sirri a kan na manya.

Baban_Yara

In sha Allah haka za a yi. Wata tambaya: wani abokin aiki ya ce in daina wahalar da kaina, in sayi akwatin Android mara suna, wai yana zuwa da dubban tashoshi da finafinai kyauta.

Dattijo_Mai_Faifai

A'a, Malam. Araha ba ta ado. Bar batun cewa finafinan na sata ne, wanda shi kaɗai ya isa dalili. Masu binciken tsaro sun gano irin waɗannan akwatuna da muguwar manhaja a cikinsu tun kafin su iso hannun mai saye, abin da suka kira BadBox, har hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai a 2025. Abu ne da za ka jona a intanet ɗin gidanka, tare da wayoyinku da laftof ɗinka. Da yawansu kuma ba su da tantancewar Google, manyan manhajojin kallo ba za su ba su hoto mai kyau ba, ko me aka rubuta a kwali. Kodi shi kansa halastacce ne, fanko yake zuwa, ba fim ko ɗaya a cikinsa. Masu ɗora masa ƙarin manhajojin sata ne suka shafa masa baƙin fenti.

Ɗan_Linux

Yaya, ga aikin da za ka ba tsohuwar i5 ɗinka. Ka kai ta wani ɗaki, ka zuba mata fayafayan nan uku, ka saka Jellyfin, manhajar raba finafinai ga na'urorin gida, kyauta ne. Ta zama rumbu: falo ya ja daga can, waya ta ja, laftof ta ja, kowa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Miƙa fayil yadda yake ba ya bukatar ƙarfi.

Sai dai ka ja waya. Fim ɗin 4K da aka juye ba a rage shi ba yana kai gigabait 50 zuwa 80, kuma a wuraren da hoto ke da motsi yana iya haura megabit 100 a daƙiƙa. Ƙofar intanet ta yawancin talabijin a 100 ta tsaya, ta ƙaramar kwamfuta kuwa gigabit ce. Wi-Fi yana iya ɗauka in rauta na kusa, in akwai bango biyu tsakani sai addu'a.

Mai_Haɗa_Inji

Kafin ya bar tsohuwa a kunne dare da rana ya yi lissafi. Shekara awa 8,760 ce. Na'ura mai cin wat 10 za ta ci kusan kilowat-awa 88. Wadda ke cin 60 za ta ci 526. Ga wanda fayilolinsa ba su fi 'yan terabait ba, faifai ɗaya na waje a jikin N100 ya fi sauƙi, a tura shi cikin kabad mai samun iska. Faifan terabait 4 zai ɗauki finafinan 4K sittin da wani abu in kowanne gigabait 60 ne, na 1080p kuwa ya ninka haka.

Mai_Kunne

Kabad mai samun iska, a ja layi a ƙarƙashin wannan. Na ga mutane suna rufe na'ura a kabad mai ƙofar gilas ba huji a baya, zafi ya taru, fanka ta haukace.

Maman_Biyu

Ku yi haƙuri in katse ku, akwai abin da ke damuna tun saƙon farko kuma ba wanda ya taɓa shi. Malam, bidiyon yaran nan, kwafi nawa gare ka?

Baban_Yara

Ɗaya ne, Hajiya. A faifai guda, shi ne ma mafi tsufa a cikin ukun.

Maman_Biyu

Don Allah yau ɗin nan ka kwafe shi, kafin ka sayi komai. Fim in ya ɓata ka sake juyewa daga faifansa. Ranar da ɗanka ya fara tafiya ba a sake ɗauka. Mu mun rasa na shekara biyu na babbar 'yarmu, faifai ya faɗo daga kan tebur yana aiki, shi ke nan. Har yau in ƙanwarta na kallon nata sai babbar ta tambaye ni ina nata, ba ni da amsa.

Dattijo_Mai_Faifai

Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Malam, ka ji. Kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wajen gidan, ko wurin ɗan uwa ko ma'ajiyar intanet. Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa haɗa fayafai biyu su zama madubin juna ya isa. Wannan yana kare ka daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai. In yaro ya danna gogewa da rimot, daga duka biyun zai goge. A Kodi ma ka tabbatar zaɓin da ke ba da damar goge fayil a kashe yake.

Baban_Yara

Na dawo da rahoto, 'yan uwa. Na fara da kwafe bidiyon yara, yanzu yana wuri uku. Sannan na sayi ƙarama mai N100, na saka LibreELEC, na haɗa da adaftan CEC. Duk fayilolin da suka ƙi a da sun buɗe, da muryarsu. Na yi gwajin Hajiya: na fita tsakar gida na bar mata rimot. Sau ɗaya ta kira ni, don talabijin bai juya zuwa ƙofar HDMI ɗin da kansa ba. Na kunna CEC a saitin talabijin, ashe wani suna daban kamfanin ya ba shi, yanzu yana juyawa.

Saura abu biyu. Baƙi ba ya fita baƙi sosai, kamar an shafa toka a allo. Kuma in kyamara tana tafiya gefe a hankali, hoto yana ɗan ɗingishi.

Dattijo_Mai_Faifai

Masha Allah. Dukansu na saiti ne, ba na inji ba.

Tokar nan saɓani ne tsakanin na'urorin biyu. Kwamfuta tana ƙirga haske daga 0 zuwa 255, bidiyo kuwa daga 16 zuwa 235. In ɗaya ta aika da ƙaramin ma'auni ɗayan yana jiran babba, baƙi ya koma toka. In aka juya, duhu ya haɗiye komai. Ka nemi saitin matakin baƙi na HDMI a talabijin ka daidaita shi da na Kodi. Ka kuma duba ko ƙofar tana bukatar a kunna mata cikakken 4K, don talabijin da yawa a kashe suke zuwa da shi, ba shi kuwa babu HDR.

Ɗingishin ya fi ban sha'awa. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, ko 23.976 in za a bi diddigi. Kwamfutarka tana aika 60. Ashirin da huɗu ba ya shiga sittin daidai, sai a nuna wani hoto sau uku, na bayansa sau biyu, ido kuwa yana kama wannan rashin daidaito. A saitin kunna bidiyo na Kodi akwai zaɓin da ke sauya saurin allo ya bi na fim. Ka kunna shi, sannan a saitin allo ka zaɓi 23.976 da 24 da 50 da 60 cikin jerin waɗanda aka yarda da su. Allo zai ɗan yi duhu na daƙiƙa ɗaya ko biyu a farkon fim, wannan alama ce yana aiki. Bidiyon waya yawanci 30 ko 60 ne, shi ya sa na yaran ba ya ɗingishi.

Mai_Kunne

In bayan sauyin ka ga baki na riga murya ko murya na riga baki, akwai wurin jinkirta sauti a Kodi. Ka gyara a fim ɗaya ka ce ya riƙe wa sauran.

Baban_Yara

Toka ta tafi, ɗingishi ya tafi. Murya tana daidai, ban taɓa komai ba. YouTube dai har yanzu a manhajar talabijin muke kallo, na cikin Kodi ya nemi wasu lambobin shiga da ban gane ba tukuna. Ƙanena Ɗan_Linux, yara sun matsa mini kan wasannin nan. Wane irin hannun wasa LibreELEC ke ganewa ba tare da wahala ba, mai waya ko na Bluetooth?

Ɗan_Linux

Fara da mai waya, Yaya, irin na Xbox mai USB, ka soka ya kama. Na Bluetooth ma yana yi, amma sai ka haɗa shi ta saitin LibreELEC tukuna. Ka sayi biyu tunda yaran sun fi ɗaya, kuma ka nemi mai doguwar waya don kada su jawo kwamfutar ƙasa. Maganar YouTube kuma in ka sami lokaci gobe da yamma ka buɗe laftof, in bi da kai mataki-mataki.